Shekaruna 53, Har Yanzu Maganin Ɗaukewar Al'ada Na Kawo Min Jini Duk Wata: In Koma Na Kullum?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 53. Tun ina 49 aka ɗora ni a kan Femoston 2/10 saboda zafin da ke taso min da gumin dare, a lokacin al'adata ta fara wasa, ta zo wata biyu ta ɗauke wata uku. Maganin ya karɓe ni, sai dai har yau duk wata sai na ga jini. Likitana ya ce lokaci ya yi da zan koma Femoston conti, wai shi ba ya kawo jini. To amma wata aminiyata ta sauya, ta kusa wata huɗu tana ɗigo. Shin dole ne in sauya? Kuma na lura jajayen ƙwayoyin sun fi yi min daɗi, masu ruwan ɗorawan ne ke jawo jinin. Ba zan iya shan jajayen kaɗai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da ƙarshen tambayarki, don shi ne ya fi tayar min da hankali. Kada ki sha jajayen su kaɗai, ko da na wata ɗaya ne.

Ɗauko katin maganin ki duba. Ƙwaya 28 ce. Jajayen 14 na farko babu komai a cikinsu sai istirojin, wato homon (sinadarin jiki) na mata da ke raguwa idan al'ada za ta ɗauke, miligiram 2. Shi ne mai kashe zafin, mai hana gumin dare, mai dawo da barci, shi ya sa kike jin daɗinsu. Masu ruwan ɗorawan 14 kuma suna ɗauke da istirojin ɗin nan dai, an haɗa shi da miligiram 10 na wani nau'in furojestaron da ake kira daidirojestaron. Wannan na biyun ba don jin daɗinki aka sa shi ba. Mai gadin mahaifa ne. Istirojin yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi ta kauri, idan kuma babu mai taka mata birki, kaurin yakan wuce misali, ƙwayoyin halittar wurin su fara sauya kama, daga nan sai sankarar mahaifa. An gano haka ne da tsada. A shekarar 1975 aka fitar da bincike a Amurka da ya nuna sankarar cikin mahaifa ta ninka sau da yawa a matan da ake ba istirojin zalla. A 1996 kuma wani gwaji mai suna PEPI ya nuna cewa cikin matan da suka sha istirojin kaɗai na shekara uku, kusan shida cikin goma shimfiɗar mahaifarsu ta yi kaurin da ba na lafiya ba, alhali waɗanda aka haɗa musu da furojestaron ba su bambanta da masu shan ƙwayar wofi, wadda babu magani a cikinta, ba. Macen da aka cire wa mahaifa ce kaɗai ake ba istirojin zalla. Ke kuwa taki tana nan.

Amsar babbar tambayar kuma ita ce: likitanki yana da gaskiya, kuma da ni ce ma abin da zan gaya miki ke nan. Sauyin bai zama tilas gobe da safe ba, amma ya kamata a yi shi cikin wannan shekarar.

Tsarin biyu kamar gona ce da ciyawa. A tsarin wata-wata, wanda kike kai yanzu, ana barin ciyawar ta tsiro mako biyu, sannan a sa fartanya a nome ta, jinin da kike gani shi ne abin da aka nome. A tsarin kullum, ana ba da furojestaron kaɗan-kaɗan kowace rana tare da istirojin, ciyawar ba ta samun damar tsirowa balle a nome ta. Shimfiɗar tana zama siririya, babu abin da zai zubo.

To me ya sa ba a fara miki da na kullum ba tun farko? Saboda a shekara 49 gidan ƙwanki bai gama rufewa ba. Yana barci yana farkawa. Wani watan ya yi shiru, wani watan ya watso nasa istirojin ɗin fiye da na budurwa. Idan aka ba mace a wannan hali ƙaramin furojestaron na kullum, ba ya iya danne wannan hawa da sauka, sai jini ya riƙa zuwa yadda ya ga dama, ba rana ba wata. Shi ya sa ake fara wa mai sauran al'ada da tsarin wata-wata, a tsara mata jinin ya zo lokacin da aka sani. Wadda ta cika wata 12 cur ba ta ga al'ada ba, ita ake fara wa na kullum kai tsaye.

Inda gizo ke saƙar shi ne, macen da ke kan tsarin wata-wata ba ta da hanyar sanin ranar da al'adarta ta gaskiya ta ɗauke. Jinin da kike gani na magani ne. Ko da gidan ƙwanki ya rufe tun shekara uku da suka wuce, muddin kina shan wannan kati haka za ki ci gaba da gani, har ki kai sittin. Mata da yawa suna zuwa suna cewa ai su har yanzu ba su daina ba, su kan kawo jinin nan a matsayin hujja, alhali ba hujja ba ce. Wasu kuma a tura su gwajin jini na FSH, homon ɗin da ke hawa idan gidan ƙwai ya rufe, don a tabbatar. Ni ba na turawa. Istirojin ɗin da kike sha yana sauke sakamakon gwajin, shi kansa FSH ɗin kuma hawa da sauka yake a waɗannan shekaru, asarar kuɗi ce kawai.

Da shekaru da tsawon lokacin shan magani ake yanke hukunci. A Ingila, inda matsakaicin shekarun ɗaukewar al'ada 51 ne, an kiyasta cewa mata takwas cikin goma sun gama kafin su cika 54, shi ya sa ake ɗaukar 54 a matsayin shekarar da za a iya sauyawa ba fargaba. Binciken da aka yi a Nijeriya kuwa ya fi nuna 48 zuwa 49, wato matanmu sun ɗan riga su. Ƙungiyar likitocin Birtaniya masu kula da wannan fanni ta fitar da jagora a 2024 da ke cewa macen da ta fara tsarin wata-wata bayan ta wuce 45, a ba ta zaɓin komawa na kullum idan ta cika shekara biyar tana sha, ko ta kai 54, duk wanda ya riga zuwa. Ana iya gwadawa tun kafin nan ma, bayan shekara ɗaya ko biyu. Ke kina 53, kin yi shekara huɗu, ta kowane gefe aka auna kin iso bakin ƙofa.

Wannan iyaka ta shekara biyar tana da dalili. Yawancin mata suna ɗauka amfanin sauyin shi ne hutawa da jini da audugar mata, wannan kuwa riba ce ta gefe. Ainihin dalilin mahaifa ce. A tsarin wata-wata, rabin kowane wata shimfiɗar tana ƙarƙashin istirojin ba mai gadi. Na 'yan shekaru babu laifi, amma bincike da dama ya nuna idan aka zarce shekara biyar haɗarin sankarar cikin mahaifa yana fara ɗagawa. Na kullum akasin haka yake yi. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, wanda sakamakonsa kan mahaifa ya fito a 2005 kuma ya ƙunshi mata fiye da dubu 700, ya samu cewa masu shan na kullum haɗarinsu ya yi ƙasa da na matan da ba su taɓa shan maganin ba da kusan kashi 30 cikin ɗari. Wani babban gwajin irin waɗannan magunguna da aka yi a Amurka, mai suna WHI, wanda dakatar da shi a 2002 ya tsorata duniya, shi ma da aka ci gaba da bibiyar matan shekaru bayan nan an ga sankarar mahaifa ta ragu a waɗanda suka sha haɗin na kullum. Wannan kariya ta fi muhimmanci ga mai ƙiba da mai ciwon suga, domin kitsen jiki shi ma yana sarrafa nasa istirojin, ya ƙara a kan na magani.

Amma ba zan sayar miki da shi kamar ba shi da aibi ba. Ta ɓangaren mama, na kullum ya ɗan fi na wata-wata haɗari. Mujallar Lancet ta buga wani nazari a 2019 da ya tattara bincike daga ƙasashe da yawa, galibi na Turai da Amurka. Lissafinsa shi ne: a cikin mata 1,000 masu matsakaicin jiki da ba su sha komai ba, kusan 63 za su kamu da sankarar mama tsakanin shekara 50 da 69. Idan sun sha na wata-wata shekara biyar daga 50, adadin ya zama kusan 77. Idan na kullum ne, kusan 83. Wato bambancin tsarin biyu mata shida ne cikin dubu a tsawon shekara ashirin. Ba a raina shi ba, kuma ba abin firgita ba ne. Akwai kuma alamun cewa daidirojestaron da furojestaron irin na jiki, wanda ake sayarwa da sunan Utrogestan, sun fi tsofaffin nau'o'in sauƙi a kan mama, ko da yake hujjar daga bibiyar mata aka samo ta, ba daga gwajin da aka raba su gida biyu ba. A nawa ganin, ga mace irinki da za ta shiga shekara ta biyar, ma'aunin ya karkata ga sauyawa. Da a ce mahaifiyarki ko 'yar'uwarki ta jini ta yi sankarar mama, da sai mu zauna mu sake lissafi tun daga tushe, har da tambayar ko ya kamata a ci gaba da maganin ma gaba ɗaya.

Yadda ake sauyawar ba wuya. Ki shanye katin da kike kai har ƙwaya ta 28, washegari ki fara sabon, ba hutu a tsakani. Jinin da kika saba gani zai zo a kwanakin farko na sabon katin, wannan na tsohon ne yake sallama, ba laifin sabon ba ne. Wasu likitoci sun fi so a fara daidai lokacin da jinin ya ɗauke, domin a sannan shimfiɗar ta fi siranta. Duk biyun ana yi. Abin da ba a so shi ne a tsallaka daga tsakiyar jajaye, lokacin da shimfiɗar ta yi kauri ba a zubar da ita ba.

Akwai wani abu game da maganinki musamman da nake so ki tayar wa likitanki da shi, don sau da yawa ana wuce shi. Femoston 2/10 miligiram 2 na istirojin ne. Femoston conti kuwa mafi ƙarfinsa 1/5 ne, wato miligiram 1. Babu na miligiram 2 a jerin conti. Ke nan ranar da kika sauya, abu biyu kika yi a lokaci guda: kin canza tsari, kin kuma rage istirojin da rabi. Mata da yawa a shekarunki miligiram 1 ya ishe su, kuma ragin alheri ne, domin ƙaramin istirojin ya fi saurin kai mace ga daina ganin jini. Amma wata bayan mako biyu ko uku sai zafin ya dawo, ta farka tsakar dare rigar barci sharkaf, ta ce wannan sabon magani bai karɓe ta ba. Ba tsarin ne ya ƙi ta ba, adadin ne ya yi mata kaɗan. Akwai hanyoyin kauce wa haka. Ana iya sauka zuwa Femoston 1/10 na wata biyu ko uku tukuna, a ga ko jiki ya amince da miligiram 1, sannan a koma conti. Wannan na fi so, don idan matsala ta taso mun san daga ina ta fito. Idan kuma jiki ya ƙi, akwai haɗin kullum mai miligiram 2 kamar Kliofem, sai dai furojestaron ɗin cikinsa wani nau'i ne daban. Ko kuma a raba su: istirojin ta fata, na shafawa ko na mannawa, furojestaron kuma Utrogestan miligiram 100 kowane dare. Idan istirojin ɗin mai yawa ne akan ɗaga Utrogestan zuwa 200.

Kin ce masu ruwan ɗorawan ba sa yi miki daɗi. Ina jin kina nufin kumburin ciki, nauyin mama, saurin fushi, irin na gabanin al'ada. Tsoron da mata kan yi shi ne, in sun koma na kullum za su zauna cikin wannan hali wata gaba ɗaya. Yi lissafin da kanki: miligiram 10 sau kwana 14 ya ba da 140. Miligiram 5 sau kwana 28 shi ma 140. Adadin wata ɗaya ne, an dai baza shi. Da yawa suna samun sauƙi da haka, domin abin da ke wahalar da su hawa da saukar ne. Masu ciwon kan ɓari ɗaya da ke tashi lokacin jini su ma sukan ji daɗin sauyin. Akwai 'yan kaɗan da jikinsu ba ya shiri da furojestaron ko kaɗan ne, su kan ji ransu a ɓace kullum ba dalili. Idan kin ga haka bayan wata biyu ko uku, ki faɗa, kada ki daure, kada kuma ki daina shan furojestaron ɗin a ɓoye.

Tunda za a taɓa maganin, lokaci ne mai kyau na duba sauran abubuwa. Istirojin na haɗiya yana ɗan ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, na fata kuwa a adadin da aka saba bayarwa ba a ga yana ƙarawa ba. In kina da ƙiba sosai, ko ciwon kan ɓari ɗaya, ko wani a gidanku ya taɓa samun gudan jini a ƙafa ko huhu, na fata ya fi miki. Sai dai gaskiya, samunsa a nan ba kullum ba ne, kuma na mannawa yana fama da zufa a watannin bazara, gefensa ya riƙa ɗagowa. A auna hawan jini, a duba mama da hannu, a yi hotonta in da hali, a kuma yi gwajin bakin mahaifa in an daɗe ba a yi ba.

Yanzu ga batun aminiyarki. Abin da ya same ta ba baƙon abu ba ne, kuma da an gaya mata tun farko da ba ta tsorata ki ba. A watanni shida na farko ɗigo abu ne da aka saba gani, har kusan mata huɗu cikin goma kan gamu da jinin da ba a tsara ba. Shimfiɗar ba ta siranta a dare ɗaya. Tana bajewa ne a hankali, tana zubar da ragowarta kaɗan-kaɗan, kuma idan ta siranta ƙananan jijiyoyin da ke samanta sukan zama masu saurin fashewa kafin su daidaita. Yawanci ɗigo ne mai ruwan ƙasa ko ja maras ƙarfi, ya ɓata kamfai, ya yi kwana biyu ya tafi, ya dawo bayan mako. Alamar da nake nema ita ce raguwa: wata na uku ya fi na farko sauƙi, na biyar ya fi na uku. Yawancin mata kafin shekara ta zagayo sun daina ganin komai.

Ki samu ƙaramin kalanda, irin wanda ake rabawa a biki ma ya isa. Ranar ɗigo ki sa ɗigo, ranar da sai da kika sa auduga ki sa gicciye, ranar da kika manta ƙwaya ki zagaye ta. Idan mace ta ajiye min irin wannan takarda a kan tebur, cikin minti ɗaya nake ganin abin da tambayar rabin awa ba za ta fito da shi ba. Sau da yawa sai ka ga kowane gicciye yana biye da zagaye da kwana biyu. Mantuwa tana cikin abubuwan da suka fi kawo jini a wannan tsari. In kin manta kuma ba a wuce awa 12 ba, ki sha. In an wuce, ki bar ta, ki ci gaba da ta gaba a lokacinta, kada ki haɗa biyu.

Haƙurin nan yana da iyaka. Ki koma asibiti ba tare da jiran wata shida ba idan jinin mai yawa ne, yana zuwa da guda-guda ko yana jiƙa auduga cikin awa ɗaya ko biyu, ko ya wuce mako bai tsaya ba, ko kusan kullum ne ba ranar hutu, ko yana zuwa bayan saduwa, ko akwai ruwa mai wari ko ciwon mara. Ki koma idan wata shida sun cika ɗigon bai daina ba. Wanda kuma na fi so ki riƙe: idan kin yi watanni tsaf babu komai, sai rana ɗaya jini ya dawo, ko ɗigo ɗaya ne, a duba. Ruwa ba ya tsami banza. Galibi abin da ake samu mai sauƙi ne, amma ba a ganewa daga gida.

Abin da za a yi miki shi ne a duba bakin mahaifa da ido, sannan a yi sikanin ta gaba, ba ta saman ciki ba, a auna kaurin shimfiɗar. Ga mai tsarin kullum, milimita 4 ko ƙasa da haka, kuma ta fito sumul, abin kwantar da hankali ne. Ga mai tsarin wata-wata iyakar milimita 7 ce, a auna bayan jini ya ɗauke. Ki gaya wa mai sikanin wane tsari kike kai, don ma'aunin ya bambanta. Idan ta wuce haka, sai a ɗebi ɗan samfuri da siririn bututu a kai ɗakin gwaji, ko a leƙa ciki da kyamara. Ina nanata duba bakin mahaifa domin a ƙasarmu sankararsa ita ce ta biyu a mata bayan ta mama, kuma babban kuskure ne a ɗora wa magani laifin jinin da daga can yake fitowa. Ƙarin mahaifa, wanda ya yawaita a matanmu, shi ma yana sa ɗigon ya daɗe, musamman wanda ya tsiro ta ciki. Haka tsiron nama ƙarami. Haka bushewar gaba, wadda kan tsage ta yi jini, maganinta kuma istirojin na matsawa ne. In kina shan maganin tarin fuka mai rifamfisin, ko na farfaɗiya irin Tegretol, ki faɗa, suna sa hanta ta narkar da homon da sauri. Jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen gyaran jiki ma ki ambata su, ba don a yi miki faɗa ba.

Ba ki tambaya ba, amma na san yana ranki: salla da azumi. Hukuncin ko wannan ɗigo haila ne ko jinin ciwo na malamai ne, ba nawa ba. Abin da zan ba ki ki kai musu shi ne bayanin likita: jinin magani ne ya jawo shi, ba fitar ƙwai ba, kuma shekarunki 53. A littattafan Malikiyya jinin da mace ta gani tsakanin hamsin da saba'in akan koma ga mata masana a tambaye su, don haka bayanin zai yi wa malamin amfani. Ta ɓangarena shawara ɗaya ce. Kada ki sauya ana saura wata ɗaya azumi, ko dab da tafiya Hajji ko Umara, da fatan ki huta da jini. Lokacin ne ɗigon ya fi rashin tabbas. Jinin tsarin wata-wata aƙalla kin san ranarsa. Ki ba da tazarar wata shida in zai yiwu, in ba haka ba ki bari sai kin dawo. Da azumi kuma ki tsayar da lokaci ɗaya, bayan buɗa-baki ko da sahur, ki zauna a kansa.

Kafin ki fara, ki tabbatar maganin zai riƙa samuwa. Tsarin kullum ba ya son yankewa, kwana huɗu babu ƙwaya ya isa ya jawo jini ya maido ki baya. Ki tanadi na wata uku a hannu, ki ajiye inda ba zafi, ba cikin mota ko kusa da murhu ba. In an ce babu, kada ki yarda a musanya miki a kan kanta da cewa ai duk ɗaya ne. Sunayen suna kama da juna amma cikinsu daban. Progynova istirojin zalla ne. Cyclo-Progynova na wata-wata ne. Primolut N furojestaron ne kaɗai. Na sha ganin matan da aka miƙa wa Progynova a madadin haɗin da aka rubuta musu, suka yi watanni suna sha suna murna jini ya ɗauke, ba su san mahaifa na can tana kauri ba. Ki karanta kwalin kafin ki bar wurin, ki ga kalmar conti da lambobin 1/5 da idonki.

Idan aka yi wata shida, an duba babu wata cuta, jini kuma ya ƙi tsayawa, ba a rasa abin yi ba. Ana iya ƙara furojestaron, ko a canza nau'insa, ko a rage istirojin. In alamu sun nuna gidan ƙwan ne bai gama rufewa ba, sai a koma tsarin wata-wata na shekara guda a sake gwadawa, kuma hakan ba ya cutarwa. Hanyar da na fi yabawa ga mai yawan jini ko wadda ƙwayar furojestaron ke dama wa rai ita ce robar mahaifa mai homon, Mirena ko makamanciyarta mai miligiram 52. Tana sakin maganin a cikin mahaifar kanta, kaɗan ne ke shiga jini, tana gadin shimfiɗar har shekara biyar, ke kuma ki sha ko ki shafa istirojin kaɗai. Ita ma takan yi ɗigo a watannin farko. Akwai kuma Livial, ƙwaya ɗaya ta kullum da ake ba wadda ta gama al'ada, sai dai ba a so a fara ta bayan shekara 60 saboda haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Robar tana da wani amfanin: tana hana ɗaukar ciki. Femoston, na wata-wata ko conti, ba ya hana ɗaukar ciki. A 53 cikin da wuya, amma tunda ba mu san ranar da al'adarki ta ɗauke ba, ƙa'idar ita ce a ci gaba da kariya har 55. In ba robar mahaifar kika sa ba, ki tattauna da likitanki kan abin da za ki haɗa da shi na shekara biyun nan.

Ki nemi ya ba ki ranar dawowa bayan wata uku da sauyin, ki zo da kalandarki da kwalin maganin. Daga nan sau ɗaya a shekara ya isa. Babu wata shekara da aka yanke cewa dole a daina, a wannan zama na shekara-shekara ake duba ko har yanzu kina buƙatarsa, ko a sauka zuwa conti mai 0.5/2.5. Allah ya ƙara lafiya, Hajiya.